Tambaya kan mitar ba da shawara a manyan filayen jirgin sama

Ɗalibi daga Argungu:
Assalamu alaikum. Ina shirin neman gurbi a kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya, kuma akwai abin da ya shige mini duhu. Idan fili yana da hasumiya mai ba da izinin sauka da tashi, mene ne amfanin wata mitar rediyo daban wadda aka ce ta ba da shawara ce kawai? Shin matuƙin da zai sauka a filin Sir Ahmadu Bello na Birnin Kebbi yana iya dogara da ita?

Tsohon ma'aikacin hasumiya, Jega:
Wa alaikumus salam, ɗana. Abin da zan fara ja maka kunne a kai shi ne, mitar shawara ba ta ba da izini. Izini daga bakin jami'in hasumiya yake fitowa, kuma dole matuƙi ya maimaita shi domin a tabbatar ya ji daidai. Maganar jiragen farar hula tana gudana ne tsakanin megahaz 118 da 137, kuma a babban fili an raba aikin: mai kula da jirage a ƙasa da mitarsa, hasumiya da tata, mai karɓar jiragen da ke tunkarowa da tasa. A filayen da ke da ATIS, wato naɗaɗɗen saƙon bayanan fili da ake ta maimaitawa a rediyo, matuƙi yakan fara sauraron wannan saƙo kafin ya kira kowa, ya ji inda iska ke kaɗawa, da nisan da ido ke iya gani, da titin da ake sauka a kai. Kowane sabon saƙo da harafinsa, don haka da matuƙi ya ambaci harafin, jami'i ya san ko sabon bayani yake riƙe da shi. Lokacin hunturu, da hazo ya turnuƙe, wannan harafi yana da matuƙar muhimmanci.

Injiniya, Gusau:
Malam ya yi bayani. Zan ƙara da cewa a Amurka, filayen da ke da hasumiya suna da mitar shawara da ake kira UNICOM a kan megahaz 122.95, inda matuƙi ke neman mai ko wurin ajiye jirgi. Ana kai irin wannan magana can ne domin a rage cunkoso a mitar hasumiya, tunda mita ɗaya ba ta ɗaukar mutum biyu lokaci guda. Idan suka yi magana tare, ƙara kawai ake ji. Hakan na cikin abubuwan da suka haddasa haɗarin 1977 a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen, inda jirage biyu suka yi karo a kan titin jirgi, mutum 583 suka rasu.

Tsohon ma'aikacin hasumiya, Jega:
Haka ne. Inda hasumiya ke rufewa da dare kuwa, a Amurka sau da yawa mitarta ce ke komawa ta shawara, kowane matuƙi ya riƙa faɗin inda yake da abin da zai yi, nauyin kauce wa juna yana wuyansu. Amma ɗana, kada ka ɗauki lambobin Amurka ka ɗora wa Birnin Kebbi. Mitocin filayenmu da lokutan aikinsu suna cikin kundin bayanan da hukumar kula da sararin samaniyar Najeriya, wato NAMA, ke fitarwa, shi za ka duba kafin kowace tafiya.