Sauya jami'a don karanta harkar kasuwanci: waɗanda suka taɓa yi, ku ba mu labari

Ɗan Kwari: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina aji biyu a wata jami'ar jiha, ina karanta Kemistiri, amma hankalina yana kasuwa. Tun ina sakandare nake zaman shagon yayana a Kantin Kwari. So nake in koma Jami'ar Bayero in karanta fannin gudanar da kasuwanci. Baba ya ce kada in zubar da shekara biyu a banza. Don Allah wanda ya bi wannan hanya ya faɗa mini abin da ya gani.

'Yar Sabon Gari: Wa'alaikumus salam ƙanina. Kafin komai, ɗauko sakamakonka na WAEC ko NECO ka duba. Bayan Turanci da Lissafi, kana da kiredit a Ikonomiks? Mu 'yan kimiyya da yawa ba mu da shi, ni sai da na sake zama jarrabawa. Sannan takardar sakamakon da tsohuwar jami'a za ta aika wa sabuwa ta sa na sha zarya, yau a ce mai sa hannu ya yi tafiya, gobe a ce fayil bai sauko ba. Da aka karɓe ni, aji biyun da na gama shi aka mayar da ni. Ranar da ƙawayena suka sa rigar yaye ina ɗakin karatu, na yi kuka. Amma da za a sake, zan sake.

Malamin Gombe: Ka kula da JAMB. Na sauya makaranta, amma a wurinsu sunana yana nan a tsohuwar jami'a da tsohon kwas. Da lokacin bautar ƙasa ya zo sunana bai fito ba, sai da na je ofishinsu aka gyara. Ka kuma lissafa shekarunka, don wanda ya haura 30 lokacin kammalawa takardar yafewa hukumar bautar ƙasa (NYSC) ke ba shi. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i (ASUU) na 2022 kaɗai wata takwas ya ci, daga Fabrairu zuwa Oktoba.

Mai Shagon Singa: Ni daga kwalejin fasaha na shiga da difloma, kai tsaye aji biyu. Kada ka zaci ciniki za a koya maka, wannan yayanka ya fi malaman iyawa. Abin da ake koyarwa shi ne ilimin akanta, da ƙididdiga, da dokar kasuwanci, kuma lissafin ba wasa. Sai dai a nan na koyi raba uwar kuɗi da riba. Da, duk abin da ke cikin durowa nawa ne. Yanzu albashi nake yanka wa kaina, kowane bashi yana rubuce da ranar biya, shagon kuma na yi masa rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni.

Hajiyar Zariya: Ban sauya ba. Na ƙarasa digirina na Noma, na yi difloma ta gaba da digiri a fannin gudanarwa, sannan MBA, wato digiri na biyu a gudanar da kasuwanci. A Bayero ma akwai Makarantar Kasuwanci ta Dangote. Ka fara tambaya ko jami'arku tana da sashen kasuwanci, sauya sashe a cikin gida ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Ɗan Kwari: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na duba, ba ni da Ikonomiks. Jami'armu tana da sashen, gobe zan je wurin jami'in jarrabawa. Yaya 'Yar Sabon Gari, NECO ta 'yan waje kika zauna ko WAEC?