Alƙaluman laifuka sun rikita mini darasin ƙididdiga

Assalamu alaikum, malamai 'yan'uwa. Ina koyar da lissafi a babbar sakandare. Zangon nan na ajiye misalan littafi, na kawo alƙaluman laifukan da 'yan sanda suka fitar na yankinmu.

Da farko mun zuba adadin sace-sacen kowace unguwa a Excel. Nan take aji ya kaure da dariya, ana nuna wata yarinya da yatsa don unguwarsu ce a sama. Ranar ba ta ƙara buɗe baki ba. Na goge sunayen, na sa A, B, C, amma yaran nan sai da suka gano.

Sai na koma raba adadin da yawan mazauna, wato laifi nawa cikin mutum 1,000. Nan ma abin ya ƙi. Unguwar kasuwa ta haura kowace, don masu kwana a cikinta kaɗan ne, masu shigowa da rana kuwa ba sa cikin ƙidayar. Laifukan da ba a kai ƙara ba ma ko alamarsu babu.

Da wane ma'auni zan raba adadin don kwatanta unguwannin ya zama da adalci? Na gode.