Haraji ne ko baiko? Gardama kan yadda ake tafiyar da cocin Angilikan a bakin tekun Ingila

Ɗan Kafanchan: Salama gare ku 'yan'uwa. Da ɓacin rai na dawo daga sujada yau, bari in amayar ko na samu sauƙi. Shekara uku ke nan ina zuwa wani cocin Angilikan a garin da nake aiki, garin bakin teku ne a kudu maso gabashin Ingila. Da zafi ya cika maƙil da masu yawon shaƙatawa, da hunturu kuwa sai mu da tsofaffi da iska. Ni ke jera kujeru. Ni ke zubar da bokitin da ake tarawa a ƙarƙashin tagar arewa, don tun zuwana rufin nan yake yoyo. Yau aka yi taron shekara bayan sujada, ma'aji ta karanta lissafi, sai na ji kaso mafi tsoka na kuɗinmu dayosis, wato ofishin bishop na yankinmu, ake tura wa. Na ɗaga hannu zan yi tambaya, sakatariya ta matso ta raɗa min wai sunana ba ya cikin rajista, don haka ba ni da bakin magana, ba ni da ƙuri'a. A gaban kowa na sauke hannuna. Ni abin da na gani, cocin nan na wasu tsofaffi ne 'yan ƙalilan, mu namu biyan haraji kawai.

Maman Tagwaye: Sannu ƙanena, abin da ciwo. Amma janye kalmar haraji. Abin da ka sa a faranti baiko ne, ga Allah ka ba.

Ɗan Wusasa: Haraji? A gidan Ubangiji? Wa ya zo ƙofarka da rasit da ɗan sanda?

Malamar Jinya: Ku bi shi a hankali mana, mutum ya zo da damuwa. Ɗan'uwa, ina ganin na san abin da ya faru da sunanka. A Cocin Ingila duk shekara 6 ake soke rajistar ikilisiya gaba ɗaya a buɗe sabuwa, kuma a 2025 aka yi na baya-bayan nan. Ko da ka taɓa cika takardar, dole ka sake. Sharaɗin ba wuya: ka yi baftisma, ka kai shekara 16, sannan kana zaune a yankin cocin ko kuwa ka yi wata 6 kana zuwa sujada. Je wurin sakatariyar ka karɓi takarda.

Ɗan Kafanchan: Na cika a 2023. Ba wanda ya gaya min za a sake. Ko an sanar, ina aikin dare a gidan tsofaffi, ba kowace Lahadi nake samun zuwa ba.

Ɗan Wusasa: Ba a kan rajista muke ba. Ya ce haraji, a tsaya a nan. Haraji shi ne wanda kakanninmu suka biya wa En'e, shi da jangali, wanda in ba ka biya ba a ɗaure ka a rana. Kuɗin da ikilisiya ke tura wa dayosis ba doka ce ta tilasta shi ba, ba kotun da za ta kama coci don bai biya ba. Ta yaya abin da ba dole ba zai zama haraji?

Injiniya: Yaya, a takarda ne ba dole ba. Ku daina biya shekara biyu ku gani. Ranar da Rabaran ɗinku ya yi ritaya, sai ku ji an haɗa ku da coci uku ko huɗu a ƙarƙashin mutum ɗaya. Abin da in ka ƙi biya za a hukunta ka, ko da a fakaice, sunansa haraji.

Maman Tagwaye: Ba hukunci ba ne, rashin kuɗi ne. Mutanenmu da yawa sun ɗauka tunda Sarkin Ingila ne shugaban cocin, gwamnati ce ke biyan limamai. Ko kwabo ba ta biya. Daga wannan kason ake fitar da albashin Rabaran, da gidan da yake zaune, da kuɗin fanshonsa, da horar da masu tasowa. Kuma cocin masu hali yakan ba da fiye, don na unguwar talakawa ya samu limami shi ma. Garuruwan bakin teku irin su Blackpool suna cikin mafi talauci a ƙasar nan, su ne ma ke cin moriyar tsarin.

Injiniya: To ai abin da gwamnati ke cewa ke nan game da haraji, Mama. A karɓa daga mai shi a yi wa marar shi aiki.

Baba Katikis: 'Ya'yana, Ubangijinmu da bakinsa ya raba su, na Kaisar daban, na Allah daban. Duk wanda ya kira na Allah da sunan na Kaisar ya yi kuskure, ko da ransa a ɓace yake. Manzo Bulus kuma ya ce mai bayarwa da daɗin rai Allah ke ƙauna.

Ɗan Kafanchan: Baba, na ji. Amma ni tambayata ita ce me ya sa rufin...

Ɗan Wusasa: Kai dama ɗan ECWA ne, ko ba haka ba? Shi ya sa tsarin yake maka baƙo. Mu da muka tashi a Angilikan mun san kuɗin dayosis tun muna yara, a gida ma kowane coci yana biya. Cocin Wusasa tun 1929 yake tsaye, ginin ƙasa, kuma ba da gunaguni aka riƙe shi ba.

'Yar Kagoro: Me ya kawo ECWA cikin maganar nan? Kullum sai kun nuna mana ku ne 'yan gado. Mu ma muna tura kuɗi sama, amma dattijon ikilisiya ba zai taɓa ce wa mai share coci ya sauke hannunsa ba.

Ɗan Wusasa: Littafi Mai Tsarki na Hausa da kike riƙewa, na 1932, aikin su Likita Miller ne, ɗan mishan ɗin Angilikan. A girmama na gaba.

'Yar Kagoro: Ba shi kaɗai ya yi ba, da mutanen sauran mishan aka yi aikin. Kuma ba don ku kaɗai aka fassara ba.

Malamar Jinya: Don Allah mu dawo kan maganar ɗan'uwanmu. Batun rufi yana da amsa. Majalisar ikilisiya, wato PCC, ita da Rabaran ke riƙe da kuɗi da gini, amma ba su da ikon taɓa tsohon gini yadda suka ga dama. Duk shekara 5 masanin gini yakan zo ya duba cocin daga sama har ƙasa ya rubuta abin da ya lalace. Babban gyara kuma sai da izinin dayosis, wani ma sai alƙalin kotun coci ya sa hannu. Ga gishirin teku da ke cin dutse da ƙarfe ba dare ba rana. Ni a Great Yarmouth nake. Babban cocinmu an kafa shi tun 1101, bam ya ƙone shi a 1942, sai 1961 aka sake buɗe shi. Ku shiga ran Lahadi cikin hunturu ku ga girman wurin, ku ƙirga kawunan da ke ciki, yawancinsu furfura, sannan ku yi tunanin kuɗin ɗumama shi kawai. Tsofaffin nan da ake zargi, su ne ke gasa kek suna sayar da shayi don a sayi kwano ɗaya na rufi.

Injiniya: Kin ga kin kawo hujjata. Ana sayar da shayi don rufi, kuɗi mai kauri kuma yana tafiya ofis.

Maman Tagwaye: Wane ofis? Albashin matar da ke ba shi Jibin Ubangiji ne. Ɗan'uwa, ba kwanaki ka ce Rabaran ɗinku mace ce ba?

Ɗan Kafanchan: Mace ce, kuma ba ni da matsala da ita. Ita ta zo asibiti ta yi min addu'a.

Baba Katikis: To ai nan gizo ke saƙar. Tun 1994 da suka fara naɗa mata limamai abubuwa suka sauya. Cocin Najeriya bai bi su ba, kuma dubi yadda majami'unmu ke cika. Yanzu ga shi a Oktoban 2025 sun sanar da mace, Sarah Mullally, a kujerar Babban Bishop na Canterbury.

'Yar Kagoro: Baba, da girmanka, mace ce ta huda rufin? Zumuntar mata ce ke riƙe da rabin cocinmu na gida, kowa ya sani.

Baba Katikis: 'Yata, riƙe coci daban, hawa bagade daban.

Ɗan Wusasa: Ni dai a janye kalmar haraji.

Injiniya: Ba za a janye ba. In haraji ya yi muku nauyi ku ce jangali, tunda da yawan kawuna ake lissafi.

Ɗan Wusasa: Ka kira 'ya'yan Allah shanu ke nan?

Injiniya: Ban ce ba. Kar ka sa min magana a baki.

Malamar Jinya: Abu ɗaya na manta, ɗan'uwa. Zaɓen wodin biyu na coci, wato wakilan jama'a masu kula da gini da kayan coci, taronsa daban ne, ko da rana ɗaya ake yi. Duk mazaunin yankin da sunansa ke cikin rajistar zaɓe ta ƙaramar hukuma yana da ƙuri'a a wannan, ko ba ya cikin rajistar coci. In kana ciki, wannan ƙuri'ar taka ce, a bincika. Kuma dole a yi taron shekara kafin ƙarshen watan Mayu, ka shirya wa na baɗi tun yanzu.

Shugaban Zaure: Dare ya yi, zan rufe nan. Ga abin da na fahimta. Mafi yawan 'yan'uwa sun yarda cewa kuɗin dayosis baiko ne, ba haraji ba, kamar yadda Baba da Yaya Ɗan Wusasa suka yi bayani da hujjar Littafi da ta tarihi. Tsarin Angilikan tsari ne mai kyau da aka gada, wanda bai tashi cikinsa ba ne yake ganin kamar ana ƙwararsa. Ɗan'uwanmu ya yi sakaci da rajistarsa, sai ya gyara. Masu neman shigo da gardamar ɗariƙa da kalmomi irin su jangali, a kiyaye gaba. Ni kaina shekara da shekaru ina cikin majalisar ikilisiyarmu, ban taɓa ganin an hana kowa magana ba.

'Yar Kagoro: Shugaba, wa ya fara kawo ɗariƙa? Koma sama ka karanta.

Ɗan Kafanchan: Na gode Anti Malamar Jinya, gobe bayan aiki zan je in karɓi takardar. An ce za a yi ruwa daren Laraba, kuma ni ke da makullin ƙofar gefe, da safe zan leƙa bokitin.