Wace na'ura ce ta dace da gwajin tiransiba mai gudun 400G kafin a ɗora ta kan layi?

Ɗan Kurmi: Assalamu alaikum, malamai. Kamfanin da nake yi wa aiki ya sayo tiransiba (na'urar da take aikawa da karɓar bayanai ta hanyar haske a wayar faiba) irin 400GBASE-DR4 mai siffar da ake kira QSFP-DD, kuma an ɗora mini alhakin tabbatar da ingancinsu kafin a saka su a siwic (na'urar da take haɗa layukan sadarwa). Abin da muke da shi a hannu shi ne mitar auna ƙarfin haske da OTDR. Shin waɗannan za su wadatar, ko kuwa wajibi ne mu nemi osiloskop (na'urar nuna siffar sigina) mai auna TDECQ (ma'aunin ingancin hasken da tiransiba take aikawa) kamar yadda wani dillali ya ba mu shawara?

Tsohon Injiniya: Wa alaikumus salam, ƙanina. OTDR wayar faiba take aunawa, ba ta san halin da tiransiba take ciki ba, ita kuwa mitar auna ƙarfin haske jimillar haske kawai take nunawa. A zamanin tiransiba mai gudun 10G hakan yakan kusan wadatarwa, domin haske mataki biyu ne kawai. DR4, wadda ƙa'idar IEEE 802.3bs ta 2017 ta tsara don tazarar mita 500, tana aiki da PAM4, wato tsarin aika bayanai da matakan haske huɗu, a kan layuka huɗu, kowanne da gudun 53.125 GBd (wato alamomi biliyan 53.125 a daƙiƙa), saboda haka ana iya samun isasshen haske alhali matakan sun cakuɗe da juna. Abin da TDECQ take aunawa ke nan, kuma iyakarta a DR4 ita ce 3.4 dB. Sai dai osiloskop irin DCA-X na Keysight kayan masana'anta ne mai tsadar gaske, kuma a ganina mai saye ba ya bukatarsa. Ka nemi takardar gwaji daga wanda ya ƙera, ka zuba kuɗinka a na'urar ƙirga kurakurai, irin waɗanda VIAVI da EXFO suke yi don 400G.

Hajiya Faiba: Na yarda da Injiniya, amma ina da ƙari kan yadda ake karanta sakamakon. Ƙa'idar ta yarda da kurakurai kimanin 2.4 a cikin bit (ƙwayar bayani, 0 ko 1) 10,000 kafin gyara, domin tsarin gyaran RS(544,514) yana iya gyara alamomi har 15 da suka lalace a cikin kowane ƙunshi mai alamomi 544. Matsakaicin adadi yana yaudara, tunda idan kurakuran suna zuwa a dunƙule, ƙunshi ɗaya zai wuce 15 ya faɗi ko da matsakaicin yana da kyau. Don haka, Malam, ka duba jadawalin da yake nuna yawan alamomin da aka gyara a kowane ƙunshi. Idan ana yawan kaiwa 10 ko sama, ban amince da wannan tiransiba ba. Game da ɓangaren tiransiba mai karɓar haske, ka saka na'urar rage ƙarfin haske a tsakani, ka riƙa ragewa sannu a hankali har ka ga inda kurakurai suka ƙetare iyaka, sannan ka maimaita bayan ta ɗauki zafi.

Tsohon Injiniya: Gaskiya ne, Hajiya. Kafin duk wannan, a duba bakin mahaɗar MPO (filogin da yake haɗa wayoyin faiba da tiransiba) da madubin gwaji bisa ƙa'idar IEC 61300-3-35, domin ƙura a kan layi ɗaya cikin huɗun takan sa a mayar da lafiyayyar tiransiba ga mai sayarwa ba tare da laifinta ba.