Kwangilar riguna 500 masu hoton sabon firaminista: in karɓa ko in bari? (Maraɗi, Nijar, Agusta 2023)

Mai buga riguna, Bagalam:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma jibi Alhamis ake jiran amsata. Sana'ata buga rubutu da hoto a kan riga da bandarol, shekara tara ke nan. Shekaranjiya mutum uku suka same ni a shago, suna son riguna 500 da bandarol 6 na gangamin goyon bayan sabuwar gwamnati, hoton firaminista Ali Lamine Zeine a gaba, tutar ƙasa a baya. Za su ba da kashi ɗaya cikin uku kafin alƙalami, sauran sai bayan taro.

Abin da ya hana ni barci shi ne biyu daga cikinsu 'yan biron wata jam'iyya ne da nake bi jika 180, wato sefa dubu 180, tun kamfe na 2020. Tun da sojoji suka yi juyin mulki suka dakatar da harkokin jam'iyyu biron nasu ya rabe biyu, wasu sun bi sabuwar tafiya, wasu sun ƙi, ma'ajin kuwa yana ɓangaren da bai zo wurina ba. To, in karɓa a kan kashi ɗaya cikin uku? Kuma in na karɓa, in sa hoton mutumin, ko in lallashe su mu tsaya ga tuta kaɗai, yadda in sun gudu zan iya sai da kayana a kasuwa? Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya taimake ni.

Ɗan kabu-kabu, Zariya:
Wa alaikumus salam. Lamine Zeine mutumin tsohon shugaban ƙasa Baba Tandja ne, wannan kaɗai ya ishe ni. Masanin tattalin arziki ne, ya yi aiki a Bankin Raya Afirka, Cadi ma ya zauna. Fasinja goma in na ɗauka, mafi yawansu fatan alheri suke yi mishi. Allah ya taya shi riƙo.

Mai shayi, bakin tasha:
Amin. Amma a teburina ba haka nake ji ba. Kowa tambayarsa yaushe za a buɗe iyakarmu da Najeriya ta Ɗan Isa.

Tsohon mushe, Sabon Gari:
Ku yi haƙuri in ɗan tuna muku. Shi ne ministan kuɗi na Tandja har juyin mulkin 2010, gaskiya ne. Amma kuma yana kan wannan kujera a 2005 lokacin da aka ɗora harajin kashi 19 cikin 100 a kan fulawa da madara da sukari da ruwa da wuta, har aka rufe kasuwanni a garuruwa, mu nan Maraɗi muka fito. Ba ina kushe shi ba ne. An naɗa shi ran 7 ga Agusta, ko wata bai cika ba, kuma ya haɗa kujerar firaminista da ta kuɗi a lokacin da CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta rufe mana ƙofofi saboda juyin mulki. A bari ya yi aiki mu gani, sannan a buga hoto.

Hajiya mai atamfa, babbar kasuwa:
Ƙanena, kada ka karɓa. Wallahi kada ka karɓa. Ni abin da ya same ni ko maƙiyina ba na yi wa fata.

Shekarun baya matan wata jam'iyya suka zo mini da shugabarsu, suna son turmi 300 na anko mai tambarin jam'iyya da hoton shugabansu na ƙasa. Shugabar nan tare muka yi makarantar allo, ni na yi mata ƙawa ranar aurenta. Aka ba ni jika 200 kafin alƙalami, ni na cika sauran. Na kwashe kuɗin adashe, na sai da saniyata biyu da ke kiwo wajen Madarunfa, na haɗa har da kuɗin da nake tarawa na kayan ɗakin ɗiyata. Kaya suna hanya jam'iyyar ta tsage gida biyu can Yamai. Kafin su iso, mai hoton nan rabin matan ba sa son ganin fuskarsa.

Na je wurin wannan ɓangare, suka ce ai wadda ta sa hannu ta bi wancan. Na je wancan, suka ce su zanen da ke da hoton wane ba za su ɗaura ba ko a kyauta. Ita kuma ƙawar tawa ta daina ɗaukar wayata. In na je gidanta sai yara su ce ta tafi Yamai, alhali ga takalminta a bakin ƙofa.

Ɗan kabu-kabu, Zariya:
Innalillahi. Hajiya ba ki kai ƙara ba?

Hajiya mai atamfa, babbar kasuwa:
Ƙarar wa, ɗana? Su kansu suna gaban alƙali a kan wane ne mai jam'iyyar. Aka ce mini in jira a yanke musu hukunci tukuna, sannan a san wanda zai ɗauki bashin. Shekara biyu ina jira. Auren ɗiyata sai da aka ɗaga shi sau biyu, dangin miji suka fara magana, mai gidana ya yi wata uku ba ya cin tuwona. Turamen nan suna jibge a ɗaki, damina ta yi musu lahani, gara ta ci na ƙasa. Daga ƙarshe masu katifa suka saya a wulaƙance suna rufa katifa da shi. Har yau in na wuce wajensu na hango irin launin nan sai gabana ya faɗi. Matar kuwa tana nan, bara ma mun haɗu gidan suna, ta gaishe ni kamar ba abin da ya taɓa haɗa mu.

Mai shayi, bakin tasha:
Ashe shi ya sa katifata take ba ni mafarkin zaɓe kullum! Allah ya mayar miki da alheri Hajiya.

Mai buga riguna, Bagalam:
Allah ya saka miki Hajiya, na ji a jikina. Amma nawa ba tambarin jam'iyya ba ne, shi ya sa na yi tambaya ta biyu, maganar tuta. Ba wanda ya taɓa ta har yanzu.

Dillali, Mokoyo:
Kai dai ka karɓa. Farar riga dala 180 take in ka ɗauki dila, ka buga ka ba su a jika 2, ko rabi suka biya ka fita.

Mai buga riguna, Bagalam:
Dala 180 a ina, yaya? Jiya na taya, jika 1 da dala 50 aka ce mini, kuma babu 500 a hannu.

Tela, Ali Ɗan Sofo:
Dukanku kuna maganar farashin kafin rufe iyaka. Ni na sayi guda 40 ranar Litinin a jika 1 da dala 150 kowace, kuma mai shagon ya ce mini ta hanyar daji aka shigo da su a kan babur. Kayan nan daga Kantin Kwari suke fitowa, Kano, Katsina, Jibiya, Ɗan Isa. An toshe nan, to ta ina dala 180 za ta fito?

Dillali, Mokoyo:
Akwai masu tsohon kaya a ajiye. Kuma naira ta faɗi, wanda ke da sefa shi ke da riba. Ka same ni bayan la'asar in kai ka.

Tela, Ali Ɗan Sofo:
Ribar naira 'yan babur suka cinye ta a hanya.

Tsohon mushe, Sabon Gari:
Abin da Hajiya ta faɗa ba sabon abu ba ne a ƙasar nan, kuma mu mutanen Maraɗi mun fi kowa sani. CDS-Rahama ta fara tsagewa da Cheiffou Amadou ya fita ya kafa RSD-Gaskiya a 2004. A 2011 Mahamane Ousmane ya goyi bayan Seini Oumarou a zagaye na biyu, Abdou Labo ya bi Issoufou ya zama ministan cikin gida, aka shekara da shekaru ana shari'a, har Ousmane ya tsaya takarar 2016 da tutar MNRD-Hankuri. MNSD ma haka, Seini da Albadé Abouba suka ja, Albadé ya kafa MPR-Jamhuriya a 2015. Shi kansa Hama Amadou majalisar da jam'iyyarsa ke ciki ce ta kada gwamnatinsa a 2007. Manya su rabu, su sake haɗewa a wani ƙawance, amma bashin mai shago ba ya bin kowa zuwa sabon gida.

Dillali, Mokoyo:
Mushe, da girmanka, kai fansho kake ci. Ba ka taɓa sa dalarka a kasuwa ba. Yaron nan aiki yake nema, ba darasin tarihi ba. Wata guda ke nan ba biki ba kamfe, da me zai biya yaran shagonsa?

Tsohon mushe, Sabon Gari:
Alhaji, shekara 32 na yi ina koyar da 'ya'yan 'yan kasuwa lissafi. Kuma kai da kake tura shi, la'adarka za ka karɓa ran da aka ɗauki kaya, ko an biya shi ko ba a biya ba.

Ɗalibi a Faransa:
Ni a ganina ya nemi takarda a rubuce da sa hannun mutum ukun, da shaidu biyu, da ranar biya. Kuma ya ce sai an fara biyan tsohon bashin.

Ɗan kabu-kabu, Zariya:
Kai da ke zaune Faransa a wannan lokaci kai za ka ba mu shawara? Ka dawo ka sha zafin da muke sha tukuna.

Ɗalibi a Faransa:
Haba ɗan'uwa, a Limanci aka yanke mini cibiya, mahaifiyata tana nan, duhun da kuke kwana ciki ita ma shi take kwana.

Hajiya mai atamfa, babbar kasuwa:
Ku bar yaron nan, gaskiya ya faɗa. Sai dai ni ma ina da takarda, da hatimi ma. Tana nan cikin adakata.

Mai buga riguna, Bagalam:
Na kira ɗayansu yanzu na yi maganar jika 180. Ya ce wancan bashin jam'iyya ne, wannan kuwa aikin ƙasa ne, kada in haɗa. Ya ce in ban so akwai mai yi.

Mai shayi, bakin tasha:
To ka ce mishi shagonka ma a cikin ƙasa yake. Ni ina da rigunan jam'iyya huɗu daban-daban, duk da su nake goge tebur, ba wadda ta taɓa yin gardama da 'yar'uwarta.

Mai walda, Soura Bildi:
Ni tambayata ɗaya, da wace wuta za ka buga riguna 500? Tun da Najeriya ta yanke mana layi a farkon watan nan, unguwarmu sai dare ya raba ake kawowa, kafin asuba an ɗauke. Ina da ƙofofi 7 na mutane a ƙasa ban haɗa ba. Janareta nake tayarwa, litar mai jika 1 na saya yau a bakin hanya.

Ɗan kabu-kabu, Zariya:
Jika 1? An cuce ka Malam. Dala 140 na sha da safe.

Mai walda, Soura Bildi:
Wanda ka sha an gauraya shi. Tun da Tinubu ya cire tallafi man Najeriya ya daina araha, sai ga rufe iyaka a kai. Mu da Katsina uwa ɗaya uba ɗaya, yayata tana aure a Jibiya, ta haihu sati biyu ke nan ban je barka ba. Me talakan Maraɗi ya yi wa CEDEAO?

Tela, Ali Ɗan Sofo:
Shinkafa fa? Ƙaramin buhu da nake saye jika 11, jiya jika 15 aka ce mini.

Hajiya mai atamfa, babbar kasuwa:
Jika 16 da rabi na biya, kuma ba mai kyau ba. Maganin hawan jinin mai gidana ma na zaga wuri uku ban samu ba. In akwai wanda ya san inda ake da shi ya faɗa mini don Allah, saura ƙwaya huɗu.

Mai buga riguna, Bagalam:
Hajiya zan tambaya miki maƙwabcina. Jama'a, maganar tuta ko hoto fa? Alhamis da safe za su dawo.

Mai walda, Soura Bildi:
An kawo wuta wajenku? Nan har yanzu shiru.