Hariken da Hausa: na tsaya a kan "guguwar teku"

1/ Jama'a, assalamu alaikum. Ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a nan cikin birnin Katsina. Makon jiya ina bayanin iskar nan da Turawa ke kira hariken, sai na ce "mahaukaciyar guguwa", yadda muka saba ji a rediyo. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, irin wadda ke tashi a filin ƙwallo da bazara ce ta girma?" Na ce mata a'a. Ta ce, "To Malam, mece ce?" Na yi minti goma ina zane a allo kafin ta gane, kuma tun ranar maganar take ci mini rai. Sunan da sai ka yi minti goma kana gyara abin da ya saka a kan yaro bai yi aikinsa ba.

2/ Ba raina masu fassarar labarai nake yi ba. Su suka riƙe mana harshen nan shekara da shekaru, cikin gaggawa suke aiki, labari na zuwa ana jiran su. Amma "mahaukaciyar guguwa" ta zama riga ɗaya da ake sa wa kowa. In tonado, wato siririyar guguwa mai ƙarfi da ke tashi a tudu, ta ratsa wani ƙauye a tsakiyar Amurka na minti goma, ita ce. In ƙura ta turnuƙe wani gari a Sudan, ita ce. In hariken ta kwana uku tana dukan tsibiri, ita ce dai. Mai sauraro a Batagarawa ta ina zai bambance?

Sannan kalmar hauka ma tana ɓatarwa. Abin nan yana da lokacinsa, yana da hanyarsa, masana suna bin sawunsa da tauraron ɗan'adam, su faɗi gaɓar da ya dosa tun da sauran kwanaki. Abin da ake iya yi wa shiri, in ka kira shi mahaukaci ka koya wa mutane cewa ba abin yi sai naɗe hannu.

3/ Ga abin da muke nema wa suna. A kan teku ake haifar ta, kuma sai teku mai ɗumi, wanda zafin ruwansa ya kai wajen digiri 26 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyas. Tururi ya yi ta hawa sama yana zama gajimare, iskar kewaye ta yi ta kwararowa don cike gurbin, juyawar duniya kuma ta murɗa ta. A arewacin duniya tana juyawa saɓanin hannun agogo, wato ɓangaren da alhazai ke bi wajen ɗawafi. A kudanci kuma akasin haka. In gudun iskar ya kai kilomita 63 a awa, a raɗa mata suna. In ya kai 119, ta zama hariken sosai. Faɗinta kan kai kilomita 500, ya zarce nisan Katsina zuwa Kaduna. A tsakiyarta akwai wani fili shiru, babu iska, wani lokaci har rana ake gani, faɗinsa kamar daga nan zuwa Jibiya. Da ta hau tudu sai ta fara rauni, don an raba ta da abincinta.

Ku riƙe abu uku: tana juyi, ɗiyar teku ce, kuma ruwa take ɗauke da shi.

4/ Wani zai ce mu ari kalmar kawai, kamar yadda muka ari mota da rediyo. Aro ba abin kunya ba ne. Su kansu Turawan Ingila daga Sifaniyawa suka samo ta, Sifaniyawa kuma daga bakin mutanen Taino, 'yan asalin tsibiran Karibiyan. Matsalar ita ce in mun ara, sai mun ari uku. Abu ɗaya ne ake kira hariken a Tekun Atlantika, taifun a wajajen Filifin da Japan, saikulon a Tekun Indiya. Wuri ne kawai ya bambanta. Me zai sa mu ɗora wa yaranmu rikicin da ba mu muka haɗa shi ba?

5/ Yanzu ga inda maganar ta shafe mu kai tsaye, kuma shi ya sa na ƙi yarda da masu cewa abin na mutanen bakin ruwa ne, ina ruwan Bakatsine.

Kowa ya san hadarinmu daga gabas yake tasowa. Da damina akwai wani kaɗawar iska a can sama da ke ratsa yankinmu daga gabas zuwa yamma duk bayan kwana uku zuwa biyar, yana tafe da tarin hadari. Ya wuce ta kanmu, ya bi ta Nijar da Mali, ya faɗa teku ta wajen Senegal da Gini. Yawancinsu a nan suke mutuwa. Amma wanda ya tarar da ruwa mai ɗumi kusa da tsibiran Kabo Berde yakan haɗe ya fara juyi, kuma mafi yawan manyan hariken na Atlantika daga irin wannan suka fito. Irma ta 2017, wadda ta kai mataki na 5, wato mafi ƙarfi, ta ragargaza tsibirin Barbuda na Karibiyan, daga gaɓar Afirka ta Yamma ta taso a ƙarshen watan Agusta.

Ku duba kalanda kuma. Lokacinta a Atlantika daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, ta fi tsanani wajen 10 ga Satumba. Wato muna cikin marka muna murnar gero ya fid da kai, can ƙetare suna buga katako a tagogi. Ranar da na fara fahimtar wannan na daɗe a tsakar gida ina kallon gabas. Abin da ya bi ta kan rufinmu kafin ya girma, ya ci a ce muna da sunansa.

6/ Na fara da gida. Na je wurin goggona a Ƙofar Marusa, na kwatanta mata. Ta ce, "Ɗan nan, ai holoƙo kake faɗi." Na ce, "Goggo, wannan da ruwa take zuwa, ruwa kamar da bakin ƙwarya." Ta ce, "To ba holoƙo ba ne. Holoƙo hadarin kaka, ƙura da burga, ba ya jiƙa ko zane." Ita da kanta ta janye.

A majalisarmu wani ya ce a bar shi a "ruwa da iska", tunda haka muke cewa in an kwashe kwanon gidaje a farkon damina. Wannan kam namu ne, amma ya riga ya sami aikinsa. In muka ba hariken shi, mun rasa sunan abin da ke faruwa da mu kowace shekara.

7/ Wanda ya fi tsayar da ni shi ne tsohon malamina na Larabci. Na same shi a zaure bayan La'asar, na ce, "Allah gafarta Malam, na kawo tambaya." Da ya ji, ya ce in duba "Ɗufana". Hujjarsa mai ƙarfi ce: kalma ce da kowane Bahaushe ya sani, tana nufin halaka ta ruwa, asalinta Larabci ne, kuma akwai masana da ke danganta taifun da wannan tushe. Na yi kwana biyu ina juya ta a baki, ta yi mini daɗi ƙwarai.

Na koma na ce masa, "Allah gafarta Malam, ina jin nauyin kalmar. A kunnen Bahaushe Ɗufana guda ce, ta zamanin Annabi Nuhu, kuma azaba ce ga mutanen da suka kangare. In na ce Ɗufana ta faɗa wa Bangladash, kamar na yanke wa bayin Allah hukunci ne." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ka yi gaskiya, ɗana. A bar ta inda take." Shi ne kuma ya tuna mini cewa a aya ta 266 ta Suratul Baƙara an ambaci i'isar, kalmar da Larabawan yau ke kiran hariken da ita, kuma malamanmu a wurin tafsiri da "guguwa" suke fassara ta. Ke nan guguwa ba baƙuwa ba ce a wannan gurbi.

8/ Saura biyu: "hadarin teku" da "guguwar teku".

Zuciyata ta fi son ta farko, don hadari ne ke da gajimare da ruwa da tsawa, guguwarmu kuwa busasshiya ce. Amma ku rubuta ta a waya ku gani. Yawancinmu ba ma sa lanƙwasa a haruffa, don haka hadari da haɗari sun zama ɗaya. "Hadarin teku ya kashe mutum dubu" kowa zai ɗauka jirgin ruwa ne ya nutse. Kalmar da za a yi gargaɗi da ita ba ta jure irin wannan ba. Kuma hadari bai ɗauke da juyi, alhali juyin nan shi ne ya raba ta da sauran.

9/ To me ya sa na nace sai "teku" ya fito a cikin sunan? Saboda tarihi. Wanda ya ji "guguwa" kaɗai, iska zai ji tsoro, ya shige ɗaki ya kulle ƙofa. Amma in ka bi manyan asarorin rayuka, ruwa ne ya fi yin ɓarnar. Iskar tana tura teku gaba ne, ya hau tudu kamar bango mai tafiya.

A watan Satumban 1900 teku ya haye tsibirin Galbeston a jihar Tekzas, garin da tudunsa bai kai mita uku ba. Mutum 6,000 zuwa 12,000 suka rasu, kuma har yau ba a yi bala'in yanayi da ya ci rayuka kamarsa a Amurka ba. A Nuwamban 1970 ta Bhola ta shiga Gabashin Pakistan, inda yau ake kira Bangladash, cikin dare, mutane na barci a tsibirai masu ƙasa-ƙasa. Aƙalla mutum 300,000. Ku tsaya ku sake karanta adadin nan. Katrina a Agustan 2005, ganuwar da ke tare ruwa ce ta ɓalle, kusan kashi 80 cikin 100 na birnin Niyu Oliyans ya nutse, mutane suna kan rufin gidaje suna ɗaga hannu. Haiyan a 2013, ruwan teku ne ya share Takloban a Filifin, fiye da mutum 6,000 suka tafi.

Wani lokaci kuma ruwan sama ne. Mitch a 1998 ta yi ta zuba a kan duwatsun Honduras da Nikaraguwa har ƙasa ta zabtare, sama da mutum 11,000. A nahiyarmu, Idai ta shiga ta birnin Beira na Mozambik a Maris ɗin 2019, ta wuce Zimbabuwe, ta bar sama da mutum 1,000 a ƙasashen yankin. Mu da muka ga abin da ruwan dare ɗaya ya yi wa Jibiya a Yulin 2018 ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Na san "teku" bai faɗi duk wannan ba. Amma yana juya fuskar mai sauraro wajen ruwa, kuma yana gaya wa yarinyar ajina nan take cewa ba ta filin ƙwallo ba ce.

10/ Don haka na tsaya a kan guguwar teku. Ta haɗe hariken da taifun da saikulon. Tonado kuma, tunda a tudu take tashi, siririya mai ɗan gajeren rai, a ce mata guguwar tudu. Tamu ta bazara ta ci gaba da zama guguwa ba ƙari.

Sauran 'yan rakiyarta ba su ba ni wuya ba. Ma'aunin Safir da Simson mai hawa biyar, wanda ake auna ƙarfinta da shi, "mataki" ya wadatar: na 1 daga gudun iska kilomita 119 a awa, na 5 daga 252 zuwa sama. Filin nan shiru na tsakiya, na so in ce cibiya, amma cibiya yanzu ta zama sunan ma'aikata, sai na bar shi a "ido". Muna da idon sawu, ga shi kuma a hoton tauraron ɗan'adam ido ne sak. Lokacinta kuwa, na ga wasu na rubuta "kakar guguwa" kamar yadda ake cewa kakar wasanni. Ban yarda ba. Kaka lokacin girbi ne da cikar rumbu, ba zan haɗa ta da binne mutane ba. "Lokacin guguwar teku" ya isa.

Sunayen yanka irin su Katrina a bar su yadda suke. Amurka ta fara amfani da sunayen mata a 1953, aka shigo da na maza a Atlantika a 1979. Jeri shida ne ake maimaitawa, kuma wadda ta yi mummunar ɓarna akan cire sunanta har abada, shi ya sa ba za a sake wata Katrina ko Mitch ba.

11/ Abu ɗaya ya rage mini, kuma shi ne mafi muhimmanci: hawan nan da teku ke yi kan tudu. "Ambaliya" ta yi faɗi, don ta haɗa da ta kogi da ta kwata. "Igiyar ruwa" kuma ba ita ba ce, igiya tana zuwa ta koma, wannan kuwa tekun ne gaba ɗaya ke tasowa, a Katrina ya haura mita 8 a gaɓar Misisifi. Ni dai "tumbatsar teku" nake gani, kamar yadda tulu ke cika ya tumbatsa. 'Yan'uwanmu da ke zaune a Legas da Kwatano da Fatakwal, ku da kuke ganin teku kullum, ku gaya mini yadda kuke faɗinta a tsakaninku.

Ranar Litinin zan rubuta wannan a allo in ga ko yaran za su gane ba tare da zane ba: "Guguwar teku mai mataki na 4 ta doshi gaɓar Mozambik, ana fargabar tumbatsar teku, an ce mutanen bakin ruwa su hau tudu."