Wa zan sa a kujerar gaba, jaririn ko babbar yarinyar?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Yarana huɗu, bayan motata kuma mutum uku yake ɗauka. Hanifa shekararta 9, ƙannenta biyu 6 da 4, sai autan wata 7 da nake ɗaurewa a kujerar jarirai mai kallon baya. So nake in dawo da shi gaba kusa da ni, don idan ya fara kuka hankalina rabuwa yake. Amma na ga wani hoto a jikin makarin rana, kujerar jariri an ja mata jan layi. Wai gargaɗi ne a kan jakar iska (airbag) da ke fitowa daga dashbod idan an yi karo. Jakar iskar nan ba don kariya aka yi ta ba?

Baban Sadik:
Wa alaikumus salam. Hajiya, don Allah kada ki kai jaririn gaba. An yi jakar ne don babban mutum wanda ya ɗaura bel, ya jingina nesa da dashbod. Fitowarta kan kai gudun kilomita 300 a awa, kafin ƙiftawar ido ta cika. Kujera mai kallon baya kuwa, bayanta na dab da inda jakar ke fashewa, daidai ƙeyar yaron. Duk ƙarfin nan a kansa da wuyansa zai sauka, ga wuyan bai yi ƙwari ba. A Amurka cikin shekarun 1990 an rasa yara ta haka, wasu ma a ƙaramin karon da manyan cikin motar suka fita da ƙafarsu. Shi ya sa hukumominsu ke cewa duk wanda bai kai 13 ba, baya zai zauna. In dole sai ɗaya ya zo gaba, Hanifa ce.

Anti Bilki:
Gaskiyar Baban Sadik ne. Ki tura kujerar gaban zuwa baya har ƙarshen layinta, Hanifa ta jingina sosai. Ban da ɗora ƙafa a dashbod, ban da leƙawa gaba don taɓa rediyo. Yawanci direba kan taka birki kafin karo, yaron da bai ɗauru da kyau ba ya riga ya zame gaba, sai jakar ta same shi a bakinta. Kuma kada wani ya ce zai rungume jaririn a cinya, abin nan na tayar min da hankali. Babu hannun da zai iya riƙe shi a lokacin.

Injiniya Kabiru:
Wasu motocin suna da wurin kashe jakar fasinja da makulli, a gefen dashbod idan an buɗe ƙofa, ko cikin akwatin gaba. Wasu kuma na'urar auna nauyi ce a cikin kujera, ita ke kashewa, fitila ta kama. Littafin motar zai faɗa miki. Ni dai ko da makullin, jariri a baya nake so, domin mantuwa ɗaya ta isa.

Maman Hanifa:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Na duba, tawa ba ta da wurin makullin. Na gwada Hanifa a gaba, amma bel ɗin ta wuyanta yake bi, sai ta riƙa tura shi ƙarƙashin hammata.

Baban Sadik:
Ki hana ta, Hajiya, haƙarƙarinta zai ɗauki dukan. Bel ba ya zama daidai sai yaro ya kai wajen santimita 145. Ki samo mata matashin ƙarin tsayi na mota, bel na saman ya bi tsakiyar kafaɗa, na ƙasan ya kwanta a kan cinya, ba a kan cikinta ba.